Barimar Hanci a Kan Tabarma

Rairayi ya yi zafi a cikin tukunyar ƙasa. Shefali ta watsa tafin shinkafa a ciki, ta shiga juyawa da tsinken kwakwa, nan da nan ƙwayoyin suka fara tsalle suna kumbura, fari tas. Wannan shi ne muri, kuma duk ƙauyenmu na Shalbari babu macen da nata ya kai na Shefali garɗi. Ni na faɗa, ni da na tsufa a bakin murhu ina wannan sana'a kafin gwiwa ta hana ni tsuguno.

Tsakanin gidana da nasu shingen karan rama ne, ba ya riƙe magana. Abin da zan ba ku da kunnena na ji shi, wani kuma da idona na gani.

Uwar mijinta, Joygun, tana zaune a baranda tana taunar ganyen pan, wanda shi ne goronmu a nan, hancinta fayau babu komai. Tun ranar da mijinta ya rasu ta cire barimarta ta kulle a akwati, kamar yadda kowace macen kirki take yi. Mai miji kuwa ba ta cire tata, ko wanka ko barci.

"Bouma," ta kira matar ɗan nata, "jiya an ba ku kuɗin bashin?"

"An ba mu, Umma."

"Nawa naki?"

"Taka dubu talatin." Taka shi ne sunan kuɗin ƙasarmu.

"Kawo nan."

Tsinken ya tsaya a hannun Shefali. "Umma, na shanshera ne. Yanzu ake girbi, tana da araha. In na bari wata ya juya, kuɗin nan rabin buhunan ma ba zai saya ba."

Sai ga Mokbul, ƙanin mijinta kuma autan Joygun, ya fito daga ɗaki gashi ya sha mai, waya a hannu. Bhabi yake ce wa Shefali, wato matar wa. "Bhabi, ki daina tenshon mana. Biza ta kusa, dillali cikon kuɗinsa kawai yake jira. Ina dira Malesiya, albashin farko naki ne. Har zobe zan aiko miki."

"Ka fara aiko min da itacen da na ce ka fasa tun shekaranjiya."

"Ji bakinta," in ji Joygun. "Mizan, kana zaune."

Mizan, mijin Shefali, yana zaune kuwa, a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kan kwanon shinkafar jiya da aka jiƙa da ruwa, yana ci da albasa da barkono. Keken ɗaukar kayansa yana jingine da bishiyar mangwaro yana jiransa.

Wannan keken shi ya haɗa su. Tun tana budurwa yake kai mata buhunan muri kasuwa, in ta miƙa kuɗi sai ya ce hanyarsa ce, alhali kowa ya san gidansu gabas yake, kasuwa yamma. Mahaifinta, Tota Mia, bai so auren ba. Ya ce yaron ba shi da aibu, sai dai ba shi da baki a gaban uwarsa. Shefali ta yi ta kuka har ya haƙura. Da ribar bashinta na farko suka rufe ɗakinsu da kwano, shi yana sama yana bugawa, ita tana ƙasa tana miƙa masa ƙusa, suna dariya kamar yara.

"Kana ji?" ta ce a hankali. Mace ba ta kama sunan mijinta, haka take kiransa.

Bai ɗago ba. "Wata ɗaya ne kawai, Shefa. Sori. Ni zan riƙa ba ki zubin."

"Kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mu biyar muka tsaya wa juna."

"Mu biyar," in ji Joygun, ta tofar da jan yawu. "Ka ji ko? Mata huɗu na waje sun fi wadda ta haife ka."

Shefali ta ƙara kallon mijinta. Shi kuma ya ci gaba da kallon albasa. Sai ta kwance haɓar sarinta, wato zanen da ke jikinta, ta ajiye kuɗin a gaban tsohuwar, ta koma murhu. Murin da ke cikin tukunya ya riga ya ƙone.

Ni ce babbar rukuninmu na masu karɓar bashin sana'a, kowa Nani yake ce mini. Tsarinmu ba shi da wuyar ganewa, ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba na gane shi. Ba a tambayarki gona, ba a tambayarki jingina. 'Yan'uwanki huɗu su ne jinginarki. Duk Talata a tsakar gidana ake shimfiɗa tabarma, ma'aikaciyar ofis, wadda muke ce wa Apa, ta zo da jakarta, kowa ta ajiye zubinta. Ba mai tashi sai na kowa ya cika. In ɗaya ta gaza, sauran ba mai ƙara samun sabon bashi. Shi ya sa in mace ta gaza, ba ofis ne ke zuwa gidanta ba, mu ne. Tukwane ake ɗauka, in bai isa ba a ɓalle kwanon ɗaki a kai kasuwa. An sha yi a ƙauyen nan.

Wata ya juya, biza ba ta fito ba. Damina ta sauko, hanya ta zama taɓo, masu kaya suka rage fita. Mizan yakan fita tun asuba ya dawo jiƙe da abin da bai kai ya kawo ba, shi ma uwarsa ce ke karɓa a bakin ƙofa don cefane. Zubin farko ya bayar. Na biyu ya ba da rabi. Daga nan sai ya koma fita da wuri ranar Talata.

Shefali ba ta zauna ba. Ta sayar da agwaginta ɗaya bayan ɗaya. Duk tukunyar da za ta ɗora sai ta rage tafi guda na shinkafa ta zuba a wani tulu, ranar kasuwa ta ba wata ta sayar mata. Tana kaiwa tana kawowa a tsakar gida kamar wadda ta yar da wani abu, ta leƙa rumbu, ta dawo, ta sake leƙawa, alhali ta san babu komai a ciki. Murhun muri ya yi sanyi har kaza ta yi ƙwai a ciki.

"Mokbul, me dillalin ya ce?"

"Sati mai zuwa, Bhabi."

"Haka ka ce wancan satin."

"Layinsa ne bizi. Manyan mutane ne, ba irin masu sayar da muri ba."

Wata rana Tota Mia ya zo da mangwaro a kwando. Ya duba murhun, ya duba wuyan 'yarsa da ya rame, bai ko zauna ba. Ya kira Mizan gefe, sai dai gefen nan jikin shingena ne.

"Ni ban zo faɗa ba. Amma ka saurara. Ranar da mata suka hau ɗakin nan suka ɓalle kwano, a ranar zan zo in tafi da 'yata, kuma ba za ta dawo ba. Ban aurar da ita don ta kwana ruwa na dukanta ba."

"In sha Allahu ba za a kai can ba, Abba."

"In sha Allahu na ji. Kai kuma me ka yi?"

Tota Mia ya ajiye kwandon, ya tafi.

Da yamma na ji Shefali da mijinta a bayan ɗaki, ita tana wanke kwanuka.

"Kana ji? Talata saura kwana kaɗan, kuma agwagi sun ƙare."

"Na sani, Shefa."

"Ka yi wa Umma magana. Ko kuɗin da kake kawowa ta bar mana rabi."

"In ce mata me? Ita ta raine mu ita kaɗai. In na buɗe baki sai ta fara kuka ta ce na zaɓi mace."

"To ni wa zan yi wa kuka?"

"Ki ƙara haƙuri."

"Haƙuri ina da shi. Apa ce ba ta karɓarsa a jaka."

Ya yi 'yar dariya ta dole, ita ba ta yi ba. Ya kai hannu ya taɓa barimar hancinta, 'yar ƙarama ta zinariya wadda ya yi dakon bulo ya saya mata ranar aure. "Wallahi ina son ki, kin sani."

"Na sani. Shi ya sa har yanzu nake nan."

Talata ta zo da rana mai zafi bayan ruwan safe, ƙasa na turiri. Muka zauna. Kowa ta ajiye nata. Shefali ta ajiye abin da ke hannunta, ko rabi bai kai ba.

Apa ta ƙirga, ta rufe jaka, ta naɗe hannu. "Ni ma ba zan koma ofis da giɓi ba, daga albashina za a cire. Sai ku daidaita."

Muka zauna. Inuwa ta janye daga tabarma. Yara suka fara leƙe suna kiran iyayensu, tukwane ba a ɗora ba. Moyna, wadda mijinta ke kwance ba lafiya kuma take jiran sabon bashi ta sayi saniya, ta kasa zama wuri ɗaya.

"Nani, sai yaushe? Wancan satin ni na cika mata. Kuɗin maganin uban 'ya'yana ne."

"Na sani, Moyna."

"To mu tashi. Kwanon nan sabo ne, fallaye kaɗan sun isa. Mu muka aiki ƙanin mijinta Malesiya? Mutumin da ko garin Bogura bai taɓa zuwa shi kaɗai ba."

Sauran biyun suka fara gyara sari. Ban hana su ba, don Moyna ba ta faɗi ƙarya ba. Na dubi Shefali.

"Kin ji. Kina da wani abu, ko mu tashi?"

Sai ta kai hannu biyu hanci. Da farko na ɗauka majina za ta share. Murɗawa take yi. Barimar ta daɗe ba ta motsa ba, sai da ta ciji leɓe kafin ta fita. Ta ajiye ta a kan kuɗin.

Moyna ta ja da baya kamar an ajiye maciji. "Ke, mayar. Mijinki da ransa."

"Da ransa," in ji Shefali. "Ina so in zauna da shi ne. In kwanon ya tafi, Abba zai zo."

Ba wadda ta yarda ta taɓa. Ni na ɗauka. Na auna ta a tafin hannu, na ƙulle a haɓar sarina, na kwance kuɗin da nake tarawa na allurar gwiwa na cika wa Apa.

"Wannan jingina ce, ba sadaka ba," na ce mata. "In Talata ta zagayo ban ga kuɗina ba, maƙerin zinariya zai gan ta."

"Na yarda, Nani."

Ta tashi, ta ja gefen sari ta rufe hanci. Na fizge shi.

"Sata kika yi? Bar fuskarki a buɗe. Wanda ya jawo shi ya kamata ya rufe tasa."

Ta kama hanya, ni kuma na bi ta a baya da sandata. A bakin tafki wata tsohuwa tana cuɗar tukunya. Ta ɗago, ta ga hancin Shefali, tukunyar ta suɓuce cikin ruwa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mizan ne? Yaushe?"

Shefali ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fita. Shi ke nan. Kafin in ja gwiwata in iso, labari ya tsallake tafki. Kafin ya kai gidan Joygun an ƙara masa babbar mota da titin Bogura.

Joygun ta fito a guje, kai babu lulluɓi, ƙafa babu takalmi. Ta zame a taɓo ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Da ta ga fuskar Shefali sai ta zube a tsakiyar hanya tana dukan ƙirji.

"Wayyo Mizan nawa! Ko ƙoshi bai yi ba da safe. Ni na tura shi titi cikin ruwa. Ni na ɗora masa, bai taɓa ce min a'a ba, ni na kashe shi."

Ina ta cewa su saurara, wa zai ji muryar tsohuwa a cikin wannan kururuwa? Mata sun kewaye, maza sun fara maganar wanda zai je ɗauko gawa. Mokbul yana tsaye da waya a hannu, baki buɗe.

Sai aka ji ƙararrawar keke.

Mizan ne, ya ɗauko lodin ayaba, gumi na zuba. Ya tsaya, ya sauko, ya duba taron.

"Wa ya rasu?"

"Kai," in ji wani daga baya.

Joygun ta rarrafa ta kama ƙafafunsa, ta shafa hannunsa, ta shafa kansa, tana lalube kamar makauniya. Da ta tabbata ɗanta ne da ɗuminsa, sai ta juyo kan Shefali, ido jawur.

"Ina barimarki? So kike ki kashe min ɗa? Wace irin mace ce za ta yi yawo da hancin takaba mijinta na numfashi?"

Ni na amsa.

"Tana nan a haɓar sarina, Joygun. Ko ita, ko kwanon ɗakinsu. Yarinyar ta zaɓa."

Sai a lokacin Mizan ya dubi fuskar matarsa da kyau. Ya ga ɗan ramin da ya yi ja, har da ɗigon jini a gefe. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar uwarsa, a nan cikin taɓo, a gaban kowa.

"Umma, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Sai dai Shefa ba ta yi wa kowa ƙarya da hancinta ba. Macen da mijinta ya ce zai biya, ranar biya ya sulale tun asuba, ai ba ta da miji. Tun ranar da ta ce min 'kana ji' na yi kamar ban ji ba take zaman takaba a gidan nan." Ya share fuska da gefen riga. "Kuɗin nan na sana'arta ne, kuma wuyan mata biyar ne a ciki. Bai kamata in bari a taɓa ba. Gobe zan sayar da keken in fanso ta."

"Ka sayar da keke ku ci me?" na ce. "Ƙararrawa?"

Wasu suka yi dariya. Joygun ba ta yi ba. Ta tashi da kyar, ta shiga gida. Muka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da ɗan ƙullin tsumma, ta kwance. Barimarta ce, irin ta da, mai nauyi, da jan dutse a tsakiya.

"Umma," in ji Mokbul, "ai kin ce ta amaryata ce."

"Wace amarya? Ta Malesiya?" Ta danƙa wa Mizan. "Kai wa maƙeri. Ka biya Nani, abin da ya rage a sayi shanshera. Wanda ya sa min wannan ya daɗe a ƙasa, ba ta tsaron kowa. Waccan nake so in gani a hancin da aka ciro ta." Ta dubi Shefali. "Bouma, rufe hancin nan har ya dawo. Zuciyata ba za ta iya kallonsa ba."

Shefali ta rufe. Wannan karon ban hana ba.

Wata daga cikin mata ta matso ta raɗa min wai in ba yarinyar abinta yanzu mana, tunda an daidaita. Na ƙi. Ni ba na sauya magana don an yi kuka. Sai da Mizan ya sauke ayabar mutane, ya tuƙa har gari ya dawo, ya ƙirga min kuɗina a tafin hannu, ya ba Moyna nata na wancan satin, sannan na kwance haɓar sarina.

Shi ya mayar mata da ita, a bakin ƙofar ɗakinsu, kafin magariba.

"Kana ji? A hankali, da zafi."

"Ina ji, Shefa. Yanzu ina ji."

Dillali dai har yau ba a gan shi ba, layinsa a kashe. Shanshera ta riga ta yi tsada, ribar wannan shekarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma sun sha wuya kafin bashin ya ƙare. Sai dai tun daga ranar Mizan yake raba abin da ya samo gida biyu a gaban uwarsa, na cefane daban, na zubi daban, duk Talata kuma shi ke kawo matarsa har ƙofar gidana a kan keke. Moyna ta sayi saniyarta. Da Tota Mia ya sake zuwa, ya tarar da hayaƙi na tashi daga murhu, kwano na nan a kan ɗaki, Mokbul yana fasa itace yana gunaguni, Joygun tana tankaɗe rairayi daga cikin muri. A ranar ya zauna, har ya ci abinci.

To ku 'yan mata, ku ji daga bakina. Shefali ta yi haƙuri, Allah kuma bai tozarta ta ba. Amma ku lura da irin haƙurin. Ba ta zagi uwar mijinta ba, ba ta tattara kaya ta gudu ba, kuma ba ta kwanta tana jiran a tausaya mata ba. Agwagi ta sayar, shinkafa ta rage, da abin ya ƙure ta cire abin da ya fi mata komai don kada ta ci amanar mata huɗu kuma kada ta rasa ɗakinta. Kuɗin sana'a na sana'a ne, ba a biyan biza da shi, ba a yin biki da shi, ko wa ya roƙa. Ku kuma samari, biyayya ga uwa wajibi ce, sai dai shiru a kan abin da bai dace ba ba biyayya ba ce. Mizan sai da aka yi kukan mutuwarsa yana raye kafin ya buɗe baki. In matarka ta ce maka "kana ji", ka ɗago kai daga kwano ka amsa tun da safe.